Makiro, mai zuƙo nesa ko mai faɗin gani: wane lensi ne ke kama hunturu a hoton kusa?

Da zarar Disamba ta kama, masu ɗaukar hoto a Legas kan fara tunanin ƙara kayan aiki, musamman waɗanda hoton biki da na suna ya fara gundura, suna so su gwada hannunsu a kan ganye, fure, ƙwari da raɓa. Ko a Agege ne ko a Idi-Araba, tambayar ɗaya ce: kuɗin lensi guda ne a hannu, wanne za a saya? Amsar da aka fi bayarwa ita ce makiro, tunda shi aka ƙera domin hoton kusa, kuma shi ake gani a hannun Turawa a bidiyon YouTube suna durƙushe cikin dusar ƙanƙara. Ni dai ban yarda da wannan amsa ba ga wanda a Legas zai yi aikinsa. Dalilina kuwa shi ne sanyinsu daban, namu daban.

Sanyin Turai da Amurka kwanciya yake yi a kan abubuwa. Dusar ƙanƙara tana taruwa a reshe, raɓa tana daskarewa a gefen ganye ta yi fari tas, ruwan kududdufi yana sandarewa da busasshen ganye a cikinsa. Duk yadda ka matsa kusa, lokacin yana nan a cikin hoton. Wilson Bentley, wani manomi a garin Jericho na jihar Vermont a Amurka, ya fara ɗaukar hoton ƙwayar dusar ƙanƙara guda ɗaya tal a 1885, bayan ya haɗa kyamara da na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, kuma kafin rasuwarsa a 1931 ya ɗauki sama da 5,000. Babu gari a hotunan, babu itace, babu sararin sama, baƙin bango ne kawai a baya. Duk da haka ba wanda zai kalla ya tambaya ko wane lokaci ne na shekara.

Hunturunmu kuwa a iska yake. Ƙura ce da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta bi ta kan Borno da Kano ta gangaro kudu. Kafin ta iso bakin teku ƙarfinta ya ragu. Abin da ke ɗaukar watanni a Kano, a Legas 'yan kwanaki ne ko 'yan makonni tsakanin ƙarshen Disamba da Janairu, wata shekarar ma da ƙyar ake shaida shi. Shi kuma hazo sai da tazara yake bayyana. Kamar shayi ne: a cokali kusan ruwa za ka gani, sai an cika kofi launinsa ke fitowa. Tsakaninka da ganyen da ke gaban hancinka babu hazon da kyamara za ta gani. Tsakaninka da gadar Third Mainland in kana tsaye a bakin ruwa a Oworonshoki, akwai shi har ya yi yawa. Saboda haka hoton kusa da zai nuna hunturu a garin nan dole ya bar wa nesa gurbi a cikinsa. Da wannan ma'aunin nake auna lensunan uku.

Makiro na gaskiya shi ne wanda ke kai girman ɗaya bisa ɗaya, wato abin da ke da tsawon santimita ɗaya a zahiri ya faɗo a kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, da tsawon santimita ɗaya. A kyamara mai cikakken sensa, mai faɗin milimita 36 da tsayin 24, wannan na nufin ƙudan zuma guda ya kama babban yanki na hoto. Waɗanda aka fi samu a kasuwa su ne masu milimita 90, 100 da 105, irin su Tamron 90, da Canon 100 f/2.8L da ya fito a 2009, da Nikon 105 f/2.8 VR na 2006. Kaifinsu ba a magana. Gashin da ke jikin ganye, ƙwayoyin ƙura da suka maƙale a tsakaninsa, tsagewar ɓawon itace da ya bushe, duk za su fito ɓaro-ɓaro.

Sai dai akwai farashin da ba na kuɗi ba. A girman ɗaya bisa ɗaya, in ka sa ƙofar haske a f/8, zurfin abin da zai fito da kaifi bai wuce milimita ɗaya ba. In ka matse ta zuwa f/16 ya zama kamar milimita biyu. Duk abin da ke bayan wannan ya narke ya zama launi kawai. Ga shi kuma a wannan kusancin hasken da ke isa sensa yana raguwa da mataki biyu, wato rubu'insa ne kawai ya saura, sai ka rage gudun shata (murfin da ke buɗewa ya rufe lokacin ɗauka) ko ka ɗaga ISO (ƙarfin jin haske na sensa). Sannan ga iska. Iskar da ta kawo maka hunturun ita ce za ta riƙa kaɗa ganyen, kai kuma kana neman milimita ɗaya da hannu. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka lensin ne ya lalace.

Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Ka ɗauki ganyen mangwaro da ƙura a kansa, ya yi kyau, amma wanda ya gani ba zai iya cewa Janairu ne ko kuwa bishiyar tana bakin titin da ake gyarawa ba ne. Makiro yana cire abu daga wurinsa, aikinsa ke nan. Hanya ɗaya da na sani ta dawo da wuri cikin hoton makiro ita ce ɗigon raɓa: kowane ɗigo yana ɗauke da hoton abin da ke bayansa a juye, kai a ƙasa. In ka saita fokas a kan hoton da ke cikin ɗigon maimakon fatarsa, za ka iya samun bishiyar kwakwa da farar rana a cikin ƙwayar ruwa guda. Abu ne mai ban sha'awa, amma yana son sandar kyamara mai ƙafa uku, da asubanci, da safiyar da iska ta kwanta. Kuma ranar da hunturu ya yi ƙarfi iska bushewa take yi, raɓar ma ta yi ƙaranci, sai ko a kusa da ruwa.

In za a yi wa makiro adalci, yana da wata fa'ida da sauran ba su da ita ga mai cin abinci da kyamara. Zoben amarya, zanen lalle, aikin wuyan babbar riga, duk shi ne gwaninsu, kuma mai milimita 100 yana ɗaukar fuska da kyau. Wanda biki ne sana'arsa ba zai yi asarar kuɗinsa ba. Amma wannan hujjar kasuwanci ce, ba ta hunturu ba.

Mai zuƙo nesa, irin mai milimita 70-300 ko 55-250 da ake yawan samu na hannu, ba don hoton kusa aka yi shi ba, shi ya sa ake raina shi a wannan fage. Yawancin masu 70-300 ba sa kama fokas sai ka ja baya kamar mita ɗaya da 'yan kai zuwa ɗaya da rabi, kuma girman da suke bayarwa bai wuce rubu'in na makiro ba. Canon 55-250 STM ya ɗan fi, yana matsowa har santimita 85. Ba za ka ga idon ƙuda da su ba. Amma fure guda, reshe guda, ƙadangare a kan katanga, malam-buɗe-littafi a kan ciyawa, duk suna cika hoto.

Abin da ya sa na fi son shi ga hunturun Legas shi ne yadda yake yi da abin da ke baya. Ganinsa siriri ne, sai ya yanko ɗan yanki kaɗan na nesa ya faɗaɗa shi a bayan abin da ka saita. Reshen da ke gabanka ya fito da kaifi da cikakken launinsa, bishiyoyin da ke mita hamsin a baya su koɗe, ginin da ke can gaba ya zama inuwa kawai. Wannan hawa-hawa na koɗewar launi shi ne hunturu a hoto, kuma babu lensin da ke tara shi wuri guda kamar wannan. Rana ma haka. Faɗin ƙwallon rana a kan sensa kusan tsawon lensi ne a raba da 110: a milimita 300 ya kusa milimita 3, abin da ido zai gani sosai, a milimita 18 kuwa ɗigo ne. Ranar hunturu da ke fitowa fara fat babu ƙyalli, in ta zauna a bayan busasshen reshe, ta gama ba da labarin. A kula dai: kada a leƙa rana ta ramin leƙawa na kyamara da irin wannan lensi, a yi amfani da allon baya, kuma sai lokacin da take ƙasa hazo ya dushe ta.

Yana kuma ba ka damar tsayawa nesa da abin da ke gudu. A gandun dajin Lekki, wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990 a kan fili mai hekta 78, birai da tsuntsaye ba za su jira ka matso da makiro ba, kuma hanyar katako ake bi, ba a sauka cikin fadama don neman kusanci. A can mai zuƙo nesa ne kawai ke aiki. Sai dai katakon yana rawa duk lokacin da wani ya taka, gadar da ake bi ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401 kuwa ba a ma maganarta, don haka sandar kyamara ba ta da amfani sosai. Ka riƙe da hannu, ka sa gudun shata ya kai 1/500 ko fiye.

Aibinsa biyu ne. A milimita 300 yawancinsu f/5.6 ne iyakar buɗewarsu, da sassafe sai ka ɗaga ISO. Kuma cikin hazo mai kauri fokas ɗin kyamara kan yi ta kai-kawo saboda babu bambancin haske da zai kama, sai ka koma juyawa da hannu. Akwai na uku in an so: yana ba da yanayi, amma ba ya faɗin sunan gari. Hoton zai ce hunturu ne, ba lallai ya ce Legas ba ce.

Mai faɗin gani shi ne ke faɗin sunan gari, kuma abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne suna da shi tuni. Lensin 18-55 da ke zuwa da kyamara yana kama fokas tun daga kusan santimita 25 daga sensa. Ka mayar da shi 18, ka durƙusa har gwiwa ta taɓa ƙasa, ka sa abin da kake so a gaba dab da gilashi, sai duniya duka ta shigo a bayansa. Wayoyi ma sun shiga wannan layi: tun daga iPhone 13 Pro na 2021, kyamarar faɗi ta wayar tana kama abu daga santimita 2, kuma saboda ƙanƙantar sensa bayan hoton bai cika narkewa gaba ɗaya ba, ana gane shi. Wannan daban yake da 'yar kyamarar makiro mai megafiksel 2 da ake liƙa wa wayoyi masu araha, wadda ado ce kawai. Akwai kuma lensin da aka ƙera musamman don wannan salo, Laowa 15 f/4 na 2015, mai kai girman ɗaya bisa ɗaya da faɗin gani a lokaci guda. Da hannu ake juya fokas ɗinsa, kuma a iyakar kusancinsa gilashin kusan taɓa abin yake yi, har inuwarsa ta rufe shi. Ba na sabon shiga ba ne.

Bari mu ɗauki abu guda mu gani. Bishiyar nan mai faffaɗan ganye da ake kira furut, wadda ke cike a harabar makarantu da bakin tituna, tana mayar da ganyenta ja kafin ya zube a lokacin rani. A ce ɗaya ya faɗo a kan katangar bulo a gefen layin dogo a Agege, ƙarfe bakwai da rabi na safe, ƙura ta yi masa fari-fari a gefe. Da makiro za ka samu jijiyoyin ganyen, ja da ruwan ɗorawa, da ƙwayoyin ƙura a cikin kwarin kowace jijiya, bayansa launin toka shafal. Da mai zuƙo nesa, ka ja baya ka sunkuya daidai da katangar, za ka samu ganyen gaba ɗaya ja jawur, a bayansa turakun lantarki suna koɗewa ɗaya bayan ɗaya har su ɓace. Da mai faɗin gani za ka samu ganyen ya cika ƙasan hoton, sama da shi motar haya ta danfo mai ruwan ɗorawa, da mai shayi sanye da rigar sanyi, da sama fara babu gajimare. Na ukun ya fi kowanne ba da labari in ya yi kyau. Matsalar ita ce bai cika yin kyau ba.

Dalili kuwa Legas ba ta da bayan hoto mai tsabta. Faɗin ganin da ya shigo da danfo shi ne zai shigo da wayoyin lantarki, da tankin ruwa, da allon talla, da ledar da iska ta maƙale a waya. Ido zai rasa inda zai tsaya, jan ganyen ya zama ɗaya daga cikin tarkace. Kuma faɗin gani yana tura nesa ta ƙara nisa, sai hazon ya koma siririn layi a can ƙarshe. Aiki da shi na mai haƙuri ne: ka matsa taku ɗaya hagu, ka sauka ƙasa kaɗan, ka jira motar da ta tare ta wuce. A bakin ruwa ya fi sauƙi, wajen Ikorodu ko Epe, inda za ka sa furen kainuwa a gaba, kwalekwale guda a tsakiya, ruwa da sama su haɗe babu layi a tsakaninsu.

Ko wanne ka saya, akwai abubuwan da in ka bar wa kyamara za ta kashe maka yanayin da kanta. Ma'aunin haskenta yana ɗaukar kowane fili a matsayin toka-toka matsakaici, don haka in fari ya yi yawa sai ta rage haske. Shi ya sa dusar ƙanƙara ke fitowa kamar toka in ba a ƙara mataki ɗaya zuwa biyu ba a maɓallin nan mai alamar +/-. Farar samar hunturu ma haka take ruɗa ta, sai dai ƙarin bai kai wancan ba, kusan mataki ɗaya ya isa. Daidaita launi ma kada ka bar shi a kan atomatik, domin zai ga jan ƙurar da ke iska a matsayin kuskure ya goge shi. Ka sa shi a kan hasken rana, wajen Kelbin 5,200 a ma'aunin launin haske, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba. Wajen gyara kuma, maɓallin Dehaze da Adobe ta sa a manhajar gyaran hoto ta Lightroom a 2015 aikinsa cire hazo ne. Abin dariya ne mutum ya yi asubanci don hazo sannan ya zauna ya goge shi da hannunsa, amma ana yi kullum, saboda hoton yana ƙara kaifi a allon waya. Salon hoton fuska na waya, mai dusashe baya da lissafi, shi ma a kashe shi: saƙar gizo da siraran ciyayi yana cinye su tare da bayan.

Lokaci ma ba irin na Turawa ba ne. A Landan cikin Disamba rana ba ta wuce digiri 15 sama da ƙasa ko da tsakar rana, wato wuni guda suna cikin haske mai kwance. A Legas a wannan watan tana kai digiri 60. Tana fitowa wajen ƙarfe bakwai, kafin tara ta yi sama. Hazo yana ɗan tsawaita laushin hasken, amma wanda ya tsaya karin kumallo ya makara.

To wa zai sayi wanne? Wanda ke zaune a Legas, yana da 18-55 ko waya mai kyau, kuma yanayi yake nema, ya sayi mai zuƙo nesa. Ya fi makiro araha nesa ba kusa ba a kasuwar na hannu, kuma da shi da abin da ke hannunsa ya samu biyu cikin uku. In kwaɗayin ƙananan abubuwa bai sake shi ba, ya fara da zoben ƙari, wanda ake sawa tsakanin kyamara da lensi: zobe mai milimita 25 a kan lensi mai 50 yana ƙara rabin girman makiro, babu gilashi a cikinsa balle ya rage kaifi, babbar illarsa ita ce ba ka ganin nesa sai ka cire shi. In ya ƙare hunturu guda yana jin daɗin wannan wahalar, to makiro ya cancanci kuɗinsa.

Wanda ke zuwa gida hutun ƙarshen shekara lissafinsa ya ɗan bambanta. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ko a tsaunin Mambila, sanyi na gaske ne. A Kano da Katsina ƙura tana kwanciya da kauri a kan komai, audugar tumfafiya tana tashi, kuka ta zubar da ganye yayin da gawo ke koren shar. A can hunturu yana sauka a jikin abubuwa, makiro yana da abin kamawa, kuma fili a buɗe yake, mai faɗin gani ba ya fama da tarkace. Wanda kuma karatu ko aiki zai kai Ingila ko Kanada, shi kam makiro ne nasa ba tantama. Ya tuna dai sanyi yana zuƙe batir da sauri, ya ajiye na biyu a aljihun ciki, kuma kafin ya shiga ɗaki mai ɗumi ya sa kyamarar a jaka ya rufe har ta ɗauki ɗumin ɗakin, in ba haka ba gumi zai kwanta a gilashi ciki da waje. A Legas akasin haka ke faruwa: daga mota mai na'urar sanyaya iska ka fito cikin laima, gilashi ya yi dishi-dishi, sai ka jira.

Laimar nan ita ce abin dubawa wajen sayen na hannu, ko a Ikeja za ka saya ko a wajen abokin sana'a. Ka cire murafan biyu, ka haska fitilar waya ta baya, ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura a ciki ba komai ba ce. In ka ga zare-zare farare suna yaɗuwa daga gefe, fumfuna ce, ka ajiye shi komai arahar. Ka ja zumin ɗin daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana cijewa, sannan ka ɗora shi a kan kyamararka, ba ta mai shago ba, ka saita shi a kan abu mafi kusa da zai iya kamawa ka ɗauki hoto, ka faɗaɗa shi a allo kafin a fara maganar kuɗi.